Bakin Igiyar Christabel

In ka hau keke a Samaru ka ce a kai ka Gidan Jirgi, babu direban da zai tambaye ka kwatance. Gidanmu ke nan, can bayan Palladan. Jirgin ruwa ne na ƙarfe, tsawonsa ya kai na babbar bas, yana zaune daram kan bulo a tsakar gida, a garin da ba shi da ruwan da zai ɗauke shi. An rubuta Christabel a gefensa, wai sunan matar wani Bature ne da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu. Na buɗi ido na same shi a wurin. Na yi aure na bar shi, mijina ya rasu na dawo, yana nan inda yake. Ba zan ɓoye ba, na tsani jirgin nan.

Babana, Dogo Shekari, shi ya tuƙa shi a Lokoja. Aikinsa jan kaya ne. A ɗaura masa wani babban jirgin kaya marar inji da igiya, shi kuma ya ja shi a kogi. Da kamfanin da yake wa aiki ya rushe aka yi gwanjon kayansa, Baba ya kwashe kuɗin sallamarsa kaf ya sayi Christabel, ya ɗoro shi a tirela har Zariya. Dangi suka ce ya zautu. Mama ce kaɗai ba ta faɗi haka ba, kuma tana da dalili.

Tana da ƙane guda ɗaya tak, Monday. Ita da bakinta ta roƙi Baba ya tafi da shi Lokoja ya sama masa aiki. A daminar 1981 kogi ya cika ya batse, iska ta taso musu a tsakiyar ruwa, Monday yana kan jirgin kaya a baya. Igiya ta tsinke, jirgin kaya ya kife, ba a ga gawarsa ba har yau. Igiya ta tsinke. Mun haddace maganar nan kafin mu haddace Addu'ar Ubangiji. Tunda Monday ba shi da kabari, sai Mama ta mai da jirgin kabarinsa. Duk watan Agusta za ta share ƙarƙashinsa tas, ta ja kujera ta wuni a inuwarsa ba ta magana da kowa.

Jirgin kuwa ba ya shiru. In rana ta take, sai ka ji ƙwas, ƙwas daga cikinsa, kamar wani yana ƙwanƙwasa ƙofa yana jira a buɗe. Ni malamar kimiyya ce, na san zafi ne ke buɗa ƙarfe, abin da nake koya wa 'yan aji ɗaya ke nan. Amma duk da sanin nawa sai tsigar jikina ta tashi. Baba kuwa in ya ji, hannunsa yakan tsaya cak a cikin kwano, abincin da ba ya ƙarasawa ke nan. Ga kuma ruwa. Ko a watan Maris, lokacin da rijiyoyin unguwa suka ƙafe, za ka sami ruwa kwance a cikinsa iya idon sawu. Kullum da safe Baba yakan shiga da gwangwani ya kwashe. Da ya rasu shekara biyu da suka wuce, aikin ya dawo kaina, don in ban kwashe ba sauro ya cinye mu.

Na gaji. Jirgin ya cinye rabin fili, an kashe maciji biyu a ƙarƙashinsa, ga ɗalibai suna yawon neman ɗaki a Samaru kamar su yi kuka. Ɗaki uku zan iya fitarwa a wurin. Abu ɗaya ya tsaya mini, wato amincewar Mama, don ba zan ɗauke mata kabarin ƙanenta tana kallo ba tare da ta ce to ba.

'Yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, sun taɓa zuwa daga Sabon Gari da tukunyar gas za su yanka shi gunduwa-gunduwa. Mama ta fito musu da muciya. Tsohuwa mai shekara saba'in da biyu, amma sai da suka bar takalmi ɗaya. Da yamma ta ce mini, "Jemimah, ba za a yanka shi ba ina raye. In akwai mai mai da shi ruwa, a zo mu yi magana."

Sai na ɗauki hotonsa na sa a Facebook, na rubuta jirgi na sayarwa a Palladan. Kuskurena ke nan. A unguwar da ƙananan jiragen sama ke shawagi a kanmu kullum, wa zai kawo ruwa a ransa? Wani ya kira yana tambayar ina fukafukan suke. Wani ya ce mutum nawa yake ɗauka zuwa Jidda. Na kusa zagin mutum uku kafin Paschal ya kira.

Paschal yana sayar da kayan gyaran janareta a Sabon Gari, amma a bakin kogi aka haife shi, a Onitsha. Yayansa yana da jiragen da ke jan yashi, kuma tsofaffi yake nema, wai ƙarfen da ya fi na yanzu kauri. Ya zo ranar Asabar da hantsi da 'yar gudumarsa. Ya durƙusa ya gai da Mama da Hausarsa ta kasuwa, sannan ya zagaya jirgin yana bugawa yana kasa kunne. Ya buɗe injin ya daɗe yana kallo.

"Malama, wa ke sa masa mai?"

Na ce Baba ne, har watan da ya kwanta.

"Kai, mutumin nan ya san aiki. Wata biyu a hannun yayana, zai koma jan kaya kamar ba a taɓa cire shi a ruwa ba."

Na saci kallon Mama, na ga fuskarta ta saki. Har kunun zaƙi ta sa na kawo masa. Na ce a raina yau dai an gama.

Daga nan ya wuce baya, inda ƙugiyar ja take. Akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashinta. Ya ɗaga murfin ya ciro igiya a naɗe, kaurinta ya kai damtsena, ta yi baƙi don tsufa. An naɗe bakinta da tsumman buhu an ɗaure da waya. Tun muna yara Baba ya hana mu taɓa akwatin nan, mu kuma ba mu taɓa ba.

Mama ta matso ta dafa gefen jirgin. "Ita ce igiyar," ta ce. "Ita ta tsinke."

Paschal bai san komai ba, ban ba shi labari ba. Shi dai so yake ya ga ko ta ruɓe. Ya warware wayar, tsumman ya faɗi. Ni na fara ganin bakin. Sumul yake, a karkace kaɗan, kamar an sare rake da adda.

"A'a, Mama," in ji shi yana murmushi. "Wannan ba tsinkewa ta yi ba. Igiyar da ta tsinke, bakinta yakan watse kamar tsintsiya. Wannan sara ne."

Na ce, "Paschal, zo ka duba farfela."

Ina, mutumin ya sami abin da ya sani. Ya nuna wasu ƙananan ƙarafa biyu a jikin bango. "Kin ga nan? Nan ake rataye gatari. Kowane jirgin ja yana da shi. In na baya ya fara nutsewa, zai ja na gaba su tafi tare. Ba a jira. Ka yi jinkiri na ƙiftawar ido, kowa ya tafi. Duba, sara biyu kawai. Gwani ne ya yi wannan."

"In akwai mutum a na bayan fa?" Mama ta tambaya. Muryarta ba ta ko girgiza ba.

Sai a lokacin ya dube ni. Ban san me ya gani a fuskata ba, amma murmushin ya ɗauke. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, sai dai Allah."

Ta miƙa hannu ya ba ta igiyar. Ta riƙa shafa bakin da babban yatsa, ta shafa ta sake shafawa. Rana ta riga ta take, jirgin ya yi ƙwas, ƙwas a ƙarƙashin ƙafar Paschal, har ya ɗaga ƙafa ɗaya. Can ta miƙa masa abarsa.

"Yaro, yaushe za ka kawo mota?"

Ya ce Laraba. Ta ce Laraba ta yi nisa, amma to. Ta juya ta shiga ɗaki. Abin da na shekara biyu ina nema ke nan, na samu, amma maimakon murna sai na bi ta ɗaki.

Na same ta zaune a bakin gado, hannuwa a cinya. Na durƙusa a gabanta na fara zuba, don in na tsorata bakina ba ya tsayawa. Na ce mutum huɗu ne a cikin Christabel ran nan, duk sun koma ga iyalansu. Na ce ai kin ji abin da mutumin ya faɗa, ba a jira. Na ce da bai sara ba, da ni kaina ba a haife ni ba.

"Na ce miki bai kamata ya sara ba?"

Ba ta jira amsata ba ta ci gaba.

"Da ya dawo ya ce, Elizabet, na sare igiya ƙanenki yana baya. Da na yi kuka, da na zage shi, wataƙila in tafi gidanmu in yi shekara. Da na dawo." Ta ja numfashi. "Shekara arba'in da ɗaya, Jemimah, ni ke ba shi haƙuri. In ya kasa cin abinci, ni ke zama kusa da shi in ce, Dogo, ba laifinka ba ne, igiya ce. Ni ke cewa laifina ne da na tura yaron. Yana ji. Yana kallona ina faɗa, bai taɓa cewa a'a ba."

Ina son babana, har gobe ina son sa, kuma a ranar na ji haushinsa kamar in je in tashe shi ya amsa da bakinsa.

Laraba suka zo da tirela da motar ɗaga kaya. Sai da aka rushe katangar gaba. Unguwa ta fito kallo, masu keke suka tsaya suna ɗaukar hoto. Mama ba ta leƙo ba, tana kicin tana gyaran wake. Paschal ya je ƙofar kicin ya durƙusa zai yi sallama. Ta ce masa, "Tashi, ba ka yi komai ba. Allah ya kiyaye hanya."

Da la'asar, bayan kowa ya watse, ta kira ni. Akwai fili a maƙabartar cocinmu, dab da kabarin Baba, wanda su biyun suka roƙa a ajiye mata tun yana raye. Ta ce, "Ki je ki gaya wa fasto, wurin nan na kusa da babanki, a ba wani. Ni a sa ni ko'ina."

Na ce, "Haba, Mama."

"Ba fushi nake ba. Na dai zauna kusa da shi ya isa."

Wata bakwai ke nan. An yi ɗakunan, ɗalibai sun shiga. Ni kuwa har yau ban je wurin fasto ba. Duk Lahadi in mun fito sujada sai ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni ko na gaya masa, ni kuma in ce fasto yana da baƙi.