Ranar da Motar Mati Ta Miƙe

Ku gafarce ni, hannuna sabo ne a rubutu.

Shekara shida motar Mati tana jan hagu, shi yana danne sitiyari dama, kullum ya dawo daga Ɗanbatta kafaɗa a sage. Matarsa Hure ta gaji da gasa masa ita. Duk tsananin bana, ta sayar da akuyarta, bakanike ya sa wa motar sababbin ƙarafan ƙafar gaba.

Mota ta miƙe, amma hannun Mati bai sani ba. Hure na kallo ya danna dama yadda ya saba, sai mota cikin gonar geron liman.

Liman ya ce, "Haba Mati, wa ya ce ka gyara ta?"

Kafin a waiwayo, Hure ta sulale gida ta ɗora ruwan zafi.