Jirgin Baba da Dokin Uwani

Wani mafarki na yi jiya da dare, har yanzu bai sake ni ba.

Na tsinci kaina a bakin Kwara da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana hawa sama, shi ya sa kogin ke ta ƙafewa. Ga Mai Tari a kwance kan yashi, tsohon jirgin hayaƙin da mahaifina ya yi shekara talatin yana zuba wa kwal. 'Yan gwangwan sun kewaye shi, kowa zaune kan gudumarsa, suna jira.

Ofishin adana kayan tarihi yana cikin wani kwalekwale. Akuya ce shugaba.

Na ce, "Ranki ya daɗe, so nake a bar jirgin nan."

"Yana numfashi?"

"Ya daina tun ina saurayi."

"To, ya yi kuka sau ɗaya kafin la'asar, mu rubuta shi cikin masu rai. In bai yi ba, na masu guduma ne."

Ta miƙo takarda. Na daɗe ina jera haruffan sunana. Ta jira har na gama, sannan ta cinye.

Sai ga ni a cikin jirgin. Baba na tsaye gaban tukunyar tururi da shebur, ya fi ni ƙuruciya.

"Kai Ilu, ka yi furfura ba ka gaya mini ba! Ina kwal?"

"Baba, an daina kwal."

"To kawo itace. Tsayuwarka ba ta tafasa ruwa."

Na buɗe wata ƙofa, sai ga filin wasan nan na bakin gada, wanda aka rufe shekara goma sha biyu. Ciyawa ta haye lilo. Dawakan katako na majaujawa suna kiwo, fentinsu na zuba. Da na kira su suka biyo ni, ba gardama. Ɗaya bayan ɗaya suka shiga wuta. Tukunya ta fara gurnani.

Saura ɗaya, shuɗi, mai guntun kunne. Shi 'yata Uwani ke hawa duk Sallah, kafin zazzaɓi ya ɗauke ta. Tana kansa, da takalmi ƙafa ɗaya.

"Abba, ba ka tura ni ba."

Na tura. Dokin bai motsa ba, filin ne ya juya.

Baba ya leƙo. "Guda ɗaya ya rage ya yi kuka. 'Yar wa ce wannan?"

"Jikarka ce. Ba ku haɗu ba."

Ya dube ta, ya dubi wutar, ya jingine shebur. "Kai ne babba yanzu," in ji shi. "Faɗi."

Inuwa ta kai la'asar. A waje na ji an tashi daga kan gudumomi. Na riƙe guntun kunnen dokin, na buɗe baki, ban san abin da zai fito ba.

Ƙwam! Ƙwam!

Na buɗe ido. Gari ya waye, mai sayen gwangwan ne ke buga bodin kurarsa a lungu. Matata ta ɗaga labule.

"Malam, ɗan keken nan na Uwani da ya yi tsatsa a zaure, in ba shi?"

Ta tsaya tana jira. Shi kuma yana ta bugawa.