Munduwar Iya Batulu

Da hannu biyu Tchima ta ɗora abin a kan teburin Mushe Harouna, sai da teburin ya amsa. Munduwar ƙafa ce ta tagulla, kaurinta ya kusa na ƙotar fartanya, an tsage ta ta gefe ɗaya.

Shekarar da aka sami mulkin kai ce. Mushe Harouna, sabon malamin lakol, wato makarantar boko, ta garin Gangara, saurayi ne mai zafin kai, ko gaisuwa ka yi masa sai ya sako maka zancen 'yanci. Shi ya ce kowane yaro ya zo da tsohon abu daga gida a yi darasin tarihi.

"Ta kakata ce," in ji Tchima, tana ta washe baki. "A gindin rumbu na tono ta. Adon mutanen da ne."

Mushe Harouna ya taɓa ganin hoton irinta a littafi. Murna ta kama shi, ya ɗaga ta sama.

"Wannan ba ado ba ne. Irinta ake ƙera wa baiwa a ƙafa, don nauyi ya hana ta gudu."

Ya yi ta zuba a kan muguntar bauta. Ya rubuta a allo cewa duk ɗaya muke, yara suka yi ta maimaitawa. Daɗin darasin ya hana shi ganin yarinyar da ke zaune kusa da Tchima tana janye bakin zanenta.

*

Kafin rana ta faɗi labari ya gama gari. Liman ya tafi kasuwar Gazawa, kuma in ba ya nan Malam Isaka, uban Tchima, shi ke jan salla, shekara da shekaru. Da magariba ya tako gaba kamar kullum, sai Magaji, dattijon unguwa, ya yi gyaran murya.

"Malam Isaka, yau ka huta. Audu zai ja mu."

Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya tambayi dalili. Mushe Harouna na kallo Malam Isaka ya ratsa sahu-sahu ya koma can baya, kusa da takalma.

*

Da safe Mushe Harouna ya mayar da munduwar da kansa. Ya iske tsohuwa Batulu, kakar Tchima, tana ɓarar gujiya, ya durƙusa. Kunya kamar ta kashe shi.

"Iya, wallahi alheri na yi nufi. Doka ta hana bauta. Yanzu duk ɗaya muke."

"Ai da ma ɗaya muke, ɗan nan, har jiya da safe."

Ba ta dubi fuskarsa ba. Ta ce shekarar babbar yunwa ta baro rugar iyayen gijinta a arewa da Isaka a goye, wani maƙeri ya tausaya ya tsage mata munduwar. Da ta iso nan ta ce mijinta ne ya mutu, aka ba ta gona, ba wanda ya sake tambaya.

"To mi ya hana ki jefa ta rijiya, Iya?"

"Uwata ta sa ta kafin ni. Ita kaɗai ta bar mani."

Ta karɓa, ta goge mata ƙura da gefen zane, ta ajiye a cinya.

*

Da ya shiga aji ya tarar da yara sun cunkushe kan bencuna, wasu har a ƙasa. Tchima kaɗai ke da benci guda nata, ta takure a ƙarshensa, ta tura ƙafafunta ƙarƙashi. Rubutun jiya na nan a allo, ba wanda ya goge.