Tsifar Ranar Laraba

Duk matan Hausawan Riyad sun san kitson Khalida ba ya tsufa da wuri. In ta kama kai ta yarfa shuku, sai a yi wata ana wanka da shi ana kwana a kansa, yana nan daram kamar yanzu aka tashi daga gabanta. Shi ya sa Safiyya ta rasa amsar da za ta ba kanta ranar Laraba, da ta tsinci kanta a gaban madubi da kibiya a hannu, tana tsefe kitson da ko mako bai cika ba.

Ba kuma wannan ne karo na farko ba.

Safiyya 'yar Zariya ce, raino take yi a gidan wani ma'aikaci a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, inda ko kyanwa sai mai gadi ya dube ta kafin ta wuce. Juma'a ce kaɗai ranar hutunta. Mansura, mai girkin gidan, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba, ita ta fara kai ta unguwar Al-Oud, gidan Inna Hajjo, wata dattijuwa da ta zo ƙasar tun tana amarya ba ta koma ba. 'Yar Inna Hajjo ce Khalida. A nan aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa sai ta yi tuntuɓe ta tashi ta yi dariya ta ci gaba.

Ranar farkon nan Safiyya ta zauna a kan darduma, bayanta jingine da gwiwoyin Khalida. Da aka zo kitsa gefe, Khalida ta kwantar mata da kai a kan cinyarta, yadda kowace mai kitso ke yi tun duniya na kwance. Ƙamshin turaren wuta da man kitso ya rufe ta. Yatsu masu sanyi suka bi ta bayan kunnenta. Sai wani abu ya faɗo mata a ƙirji, kamar guga ya tsinke a rijiya, ta yi ta sauraron ƙarar isarsa ƙasa ba ta ji ba.

"Wallah kanki ya karɓi hannuna," in ji Khalida da ta gama. "Kar ki kai shi wurin wata, zai yi fushi."

Magana ce da duk mai kitso ke faɗa don riƙe mai zuwa. Safiyya ta san haka. Amma ta ɗauke ta ta tafi da ita gida, ta yi ta juya ta kamar alewa a baki.

Safiyya mai karatu ce. In yaran gidan sun yi barcin rana, sai ta lafe a ɗakinta da waya, ta bi gajerun labarai da maƙaloli na matasan marubuta, na Legas, na Beirut, na Landan, mata da maza da ke ba da labarin zuciyar da ta ƙi bin hanyar da aka share mata. Wasu sun sa ta kuka. Wata ta rubuta yadda ta gane kanta a kicin ɗin ƙawarta, Safiyya ta karanta wurin har ta haddace. Sai dai kowannensu yana da sunan da yake kiran kansa da shi, yana faɗa da ƙarfi, ita kuwa ta gwada sunayen ɗaya bayan ɗaya kamar takalman aro, wannan ya matse, wancan ya yi yawa. Kalmar da Hausa ta tanada kuma, wadda ta sha ji a bakin masu wa'azi, ko a zuci ba ta iya furta ta. Me ya haɗa wannan kalma mai ƙazanta da sanyin yatsu a bayan kunne? Ko kewar gida ce kawai? Wa ya taɓa ta da tausayi tun da ta bar uwarta? To in kewa ce, me ya sa da Mansura ta shafa mata man zafi a wuya ba ta ji komai ba sai yaji?

Takan goge duk abin da ta karanta kafin ta ajiye wayar, don ta san ƙasar da take ciki. Takan yi alwala ta yi salla, ta ɗaga hannu, ta rasa me za ta roƙa: a cire mata, ko a bar mata.

Abu ɗaya ta sani tabbas. Tana son wurin nan na kan darduma, tsakanin gwiwoyin Khalida, kuma mai kitso ba a zuwa wurinta sai da tsefaffen kai.

Ranar Juma'a tana saka abaya sai ga Mansura da tata a kafaɗa.

"Mu je tare, zan aika saƙo gida a kasuwar Batha, daga nan in gaida Hajjo."

Ba da son ranta ba, Safiyya ta bi ta suka fita.

Sun isa bayan la'asar. Inna Hajjo na zaune a falo da butar gahawa da farantin dabino, na'urar sanyaya ɗaki na ta gurnani kamar tsohon rago. Aka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi mutan gida. Khalida ta fito da kwandon kayan kitsonta, hannun riga a naɗe, ta dubi Safiyya ta yi murmushin nan da ke lotsa kumatunta na hagu.

"Ahlan, ya Safiyya. Yalla, cire ɗankwali."

Safiyya ta cire. Gashi ya baje, a tsefe, a wanke.

"Ikon Allah," in ji Inna Hajjo. "Ba makon jiya aka yi miki ba, 'yar nan?"

"Ya... ya warware ne, Inna."

Mansura ta kwashe da dariya har gahawa ta kusa sarƙe ta. "Ya warware! Hajjo, ki ji min yarinya. Da idona na gan ta ranar Laraba, ƙofa a buɗe, tana tsige shi da kibiya, sabo fil, tana cije leɓe don zafi. Na ce a raina, to, wannan ba kitso ke kai ta Al-Oud ba."

Ɗakin ya yi wa Safiyya ƙanƙanta. Ta ji hannun Khalida, da ya riga ya sauka a kanta, ya tsaya cak.

"To me ke kawo ta?" in ji Inna Hajjo, tana ajiye ƙaramin kofinta.

"Haba Hajjo, kamar ba ki yi ƙuruciya ba. Wa ke mayar da ita gida duk Juma'a a mota?"

Ghali ke nan, wan Khalida, direban wani kamfani, mutum mai shiru wanda Safiyya ba za ta iya faɗin kalar idonsa ba. Fuskar Inna Hajjo ta washe kamar an kunna fitila. Ta tafa hannu, ta yi 'yar guɗa ƙasa-ƙasa.

"Alhamdu lillahi! Ni da nake ta addu'a Allah ya ba shi 'yar gida, mai Hausa a baki, ba irin wannan da ke ce wa tsintsiya miknasa ba. Ashe abin na ƙarƙashin hancina!"

"Yumma!" in ji Khalida. Haka take kiran uwar.

"Rufe min baki. Ke kuma 'yar nan, ɗago. Ba abin kunya ba ne. Amma fa ki sani, mu ba mu yar da al'ada ba don muna ƙasar Larabawa. Yarinyar da ake nema ba ta zarya gidan surukai, sai a ce ta yi arha. Daga yau kin gama zuwa nan sai ranar da aka kawo ki da lulluɓi. Kitso kuwa, ga Mansura nan, ta riƙa kama miki."

"Kyauta ma," in ji Mansura. "Ko da yake nawa kwana uku yake yi, ba sai kin wahalar da kibiya ba."

Suka yi dariya su biyu. Safiyya ta dubi zanen dardumar. Ga ƙofa an buɗe mata, mai faɗi, mai aminci: ta sunkuyar da kai ta yi murmushi, shi ke nan, babu mai sake tambaya. Amma waje ƙofar take kaiwa. In ta yi shiru, ta rasa Juma'a, ta rasa darduma, a kuma ɗaura mata Ghali bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. In ta musa, sai a ce to don wa? Duk labaran da ta karanta suka taso mata a ka, mutanen ciki masu ƙarfin hali da ke miƙewa a tsakiyar falo su faɗi gaskiyarsu. Ita wace gaskiyar za ta faɗa, alhali ba ta san sunanta ba?

"Inna," ta ce, "ba Yaya Ghali ba ne. Wallahi ba shi ba ne."

Dariyar ta ɗauke.

"Kunya ce," in ji Mansura.

"Ta rantse fa," in ji Inna Hajjo a hankali. Ta karkato, ta ƙura mata ido irin na tsofaffi. "To in ba shi ba, wa? Me zai sa mace mai hankali ta tsefe sabon kitso ta ƙetaro gari a wannan zafi?"

Safiyya ta runtse ido. Ta ji hawaye na taruwa, ta ji bugun zuciyarta har a fatar kai, daidai inda tafin Khalida yake, kuma ta tabbata Khalida na jin sa.

"Khalas, Yumma, ku bar ta," in ji Khalida. "Laifina ne."

Duka suka juya.

"Na ja mata da yawa. Kanta mai taushi ne, ni kuma hannuna ya saba da ƙarfi. Tun a nan na ga ƙuraje sun fara fito mata a ƙeya. Miskina, kunya ta hana ta ce kitsona ya yi mata ciwo, sai ta tsefe a ɓoye."

Babu ƙurji ko ɗaya a ƙeyar Safiyya. Su biyun sun sani.

"Ke?" in ji Inna Hajjo. "Ke da ko jaririya kika yi wa ba ta kuka?"

"To yau na yi kuskure. Ana yi."

Mansura ta taɓe baki. "Oh ni! Ashe gwanar ma tana kwafsawa. Bari matan Batha su ji."

"Su ji," in ji Khalida.

Inna Hajjo ta daɗe tana kallon 'yarta, sannan ta kalli Safiyya, ta ɗauki dabino ta mayar ba ta ci ba. "Allah ya kyauta," ta ce. "Na yi guɗar banza." Ta miƙe da ƙyar ta ja Mansura kicin, wai ta zo ta ga irin daddawar da aka kawo mata daga Maraɗi.

Falon ya rage su biyu da gurnanin na'ura. Khalida ta tsaga gashin da kibiya ta fara kitsawa. Safiyya na so ta yi godiya, tana so ta ba da haƙuri, tana so ta tambaya: kin sani ne? Me kika sani? Ko tausayin baƙuwa ne kawai, irin wanda za ki yi wa kowa? Ta kasa. Da aka zo gefe, Khalida ta kwantar mata da kai a cinya kamar kullum.

A nan Safiyya ta lura da wani abu. Kitson ba ya ja. Babu zafin nan da ke ɗage gira, babu tamkewar da aka san Khalida da ita. Sako-sako take yin sa, kamar 'yar koyo. Don ta gaskata ƙaryar da ta yi wa uwarta ne? Ko fushi ne, take yi mata aikin gangan don ta sallame ta?

Da ta gama ta shafa mai, ta miƙo mata madubi. Shuku ne, kyakkyawa, amma ko makaho ya shafa ya san ba zai yi ƙarko ba.

Khalida ta sunkuyo tana tattara gashin da ya zube a darduma, bakinta kusa da kunnen Safiyya, idonta a ƙasa.

"Wannan da kansa zai warware," ta ce. "Ki bar kibiya ta huta."

"Zuwa yaushe?" in ji Safiyya, da muryar da ita kanta ba ta gane ba.

Khalida ta ɗaga kafaɗa, kumatun hagu ya lotsa kaɗan, ya koma.

"Ban sani ba, wallah. Ban taɓa yin irinsa ba."

Daga waje Ghali ya danna ham. Safiyya ta ɗaura ɗankwali a hankali, tana tsoron kar ta matse shi, tana kuma tsoron kar ya daɗe.