Makarar Mashood

Ba zazzaɓi ne ya kayar da Daouda, mutumin Damagaram, ba. Aikin sito na titin Wendover ne ya matse masa zuciya, har barci ya ƙaurace masa, hannunsa ya riƙa rawa. Likita ta ba shi hutu, kamfanin inshora kuma ya soma biyansa wani kaso na albashinsa. Da shi yake biyan haya, yake ciyar da iyali.

Ba a jima ba wata mota mai ruwan toka ta fara tsayawa a ƙofar gidansa. Mutumin da ke ciki ɗan leƙen asirin kamfanin ne, yana jiran hoton da zai nuna cewa Daouda lafiyayye ne, a yanke kuɗin. Saboda haka Daouda ya kulle kansa a ɗaki, ko masallaci ya daina zuwa.

Ana nan Allah Ya karɓi ran Mashood, ɗan zangon Kumasi, wanda ba shi da kowa a nan birnin Greensboro, inda muke zaman ci-rani. A jama'armu ni da Daouda ne kaɗai muka saba wankan gawa, ni kuwa tsufa ya cinye mini ƙarfi. Na je gidansa da nauyin baki.

Matarsa Fourera ta tare ƙofa. "Baba Alhaji, ka yi mana rai. In wancan ya gan shi ya ɗaga makara, me yara za su ci? Hoto?"

Na ce, "Gaskiyarki, 'yata. Ban zo tilasta kowa ba."

Sai ga Daouda ya fito da hularsa. Ya ce, "Baba, likita ta hana ni sito, ba ta hana ni Musulunci ba. Haƙƙina nake karɓa, ba sata ba. Don me zan ɓuya kamar ɓarawo?"

Ya nufi motar kai tsaye, ya ƙwanƙwasa gilashi, ya yi wa mutumin kwatancen maƙabarta dalla-dalla, kada ya ɓata a hanya. "Ka zo kusa," in ji shi, "fuskata ta fito sosai."

Muka yi wa Mashood sutura. Daouda ya sa kafaɗa a makara, ya shiga kabari ya karɓe shi, mai kyamara na aikinsa daga bakin shinge.

Kamfanin ya yanke kuɗin. Daouda ya ɗaukaka ƙara, muka je zaman sauraron ƙarar tare da likitarsa. Da aka baje hotunan, ya ɗora yatsa a kan wanda yake cikin kabari, ya ce, "Ni ne nan. In wani ya sake rasuwa gobe, a nan za ku same ni." Likita ta shaida cewa ciwonsa ba a kafaɗa yake ba.

Aka mayar masa da haƙƙinsa, cikin ikon Allah. Da Juma'a ta zagayo, a sahun farko na tarar da shi.