Ban da Gaisuwa

Muhsina ta sake duba agogon wayar mahaifinta, ta ɗaga kai ta dubi ƙofar ƙarfen da ke rufe. Saura minti ashirin da biyu a buɗe wurin wasan. Mutum shida ne kawai a gabansu. Ta ƙirga su sau uku, kuma kowannensu ta yi masa kallon abokin gaba.

"Baba, matso hagu," ta ce. "Left side. Mutane dama suke bi. Haka ya rubuta."

Yacouba ya matsa hagu. Shekara goma sha tara yana tsaye bakin tebur a titin 125th Street na Harlem yana sayar da turare da huluna da tabarau, amma ba a yi ɗan sandan da ya taɓa juya shi kamar yadda 'yar tasa mai shekara goma sha ɗaya take juya shi tun asuba ba. Ta hana shi sa babbar rigarsa ta Sallah, wai za ta harɗe shi. Ta hana shi riƙo jaka, domin mai jaka sai an tsayar da shi an bincike. Ta sa shi cin burodi da ƙwai a cikin jirgin ƙasa na layin D, tsakanin Grand Concourse da Coney Island, shi da bai taɓa tauna ko gyaɗa a gaban baƙin ido ba. Ga shi nan yanzu cikin 'yar shara da takalmin gudu, duk ya tsargu da kansa.

Takardar da take juya shi da ita tana hannunta, an naɗe an ware har ta soma tsagewa. Rubutun yayanta ne, Zaid.

Bara ma a irin wannan rana suka zo, Asabar ɗin bayan Babbar Sallah, ranar da rabin Hausawan Bronx ke kwaso 'ya'yansu su nufo bakin teku. Abu ɗaya Zaid ya zo nema: jirgin katakon nan da ke can ƙuryar wurin, mai hawa tudun dogo a hankali sannan ya sulalo da mutane suna ihu. Da hantsi suka bar gida. Yacouba ya gaisa da mutum biyu a gindin bene, uku a tasha, da wani ɗan Dogondutsi a cikin jirgi, a bakin ƙofar nan kuwa iyali huɗu ya tarar. Ita gaisuwar mutanenmu ba a yi mata gaggawa. Sai an tambayi gida, an tambayi kasuwa, an tambayi mutanen ƙasa da gajiyar Sallah, sannan a dawo a sake tambayar gida ko wani abu ya canja. Ba su isa wurin jirgin ba sai ƙarfe biyu, suka tarar layi ya naɗe sau takwas a cikin shingen ƙarfe.

Zaid mai ciwon sikila ne, doguwar tsayuwa a rana ba ta yi masa. Ya daure minti arba'in. A kwana ta uku ta shingen ya zauna a ƙasa ya rungume gwiwoyinsa. Bai yi kuka ba, ya ce dai a ba shi minti ɗaya. Yacouba ya saɓe shi ya fitar da shi daga layin yana cewa, "Baɗi, in Allah ya kai mu." Yaron bai yi musu ba. Ya koma gida ya yi wata da watanni yana kallon bidiyon masu zuwa irin waɗannan wurare, yana rubuta dabarun da za su kai shi kan jirgin ba tare da ya tsaya layi ba. A watan Janairu ciwon ya kama shi a ƙirji. Kwana huɗu ya yi a asibiti, a na biyar aka kai shi makwancinsa a New Jersey.

Tun daga nan Muhsina ba ta sake roƙon kowa komai ba, ko alewa. Sai ana saura mako guda Sallah ta ajiye takardar nan kusa da kwanon abincin mahaifinta ta tsaya tana kallonsa. Uwarta Habsatou ta karanta layi biyu, ta tashi ta shige ɗaki, ta ce ita kam ba za ta iya zuwa ba. Dabaru bakwai ne a ciki: a sayi tikiti a waya tun kwana guda, a iso kafin a buɗe da minti arba'in da biyar, in an shiga kada a kalli komai, a wuce kai tsaye zuwa ƙurya tun jama'a na ta rububin wasannin bakin ƙofa. Ta bakwai ita kaɗai ya rubuta da manyan baƙaƙe ya ja mata layi biyu. Da Turanci take, amma ko Yacouba da bokonsa na Faransanci ne bai nemi mai fassara ba. Abin da ya rubuta shi ne, Baba, ban da gaisuwa.

A cikin jirgi ɗazu Muhsina ta tambaye shi, "Promise?"

"Na yi alkawari," ya ce.

"Shi ma haka ka ce masa."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ta yi masa ciwo. Ya san halin 'yarsa. Idan ya saɓa yau ba za ta yi kuka ba, ba za ta yi masa rashin kunya ba. Za ta naɗe takardar ne ta sa a aljihu, shi ke nan kuma ya rasa ta tana zaune a gidansa.

Layin bayansu ya yi ta tsawo. Rana ta fara zafi, iska na kawo ƙamshin gugguru da ƙarnin teku. Yacouba ya lura akwai fili tsakaninsa da Muhsina, daidai tsayuwar mutum ɗaya, kuma shi ne ya bar shi bai sani ba. Haka yake yi a lif, haka yake yi a sahun masallaci. Wani yaro a baya ya kira "Baba!" ya juya da sauri, alhali ya sani sarai. Ya dawo da kansa gaba yana jin kewar ɗansa.

Saura minti biyu, ma'aikata masu jajayen riguna suka zo suka kama sarƙar ƙofa. Muhsina ta durƙusa ta ƙara ɗaure igiyar takalminsa da kanta. A daidai lokacin aka dafa kafaɗarsa.

"Yacouba. Ashe kai ne. Tun daga can nike cewa wagga tsayuwar na san ta."

Alhaji Ishiyaku ne, cikin farar babbar riga da jar dara, jikokinsa mata biyu na biye da shi. Da wani ne daban, da ya ɗaga hannu ya wuce abinsa. Amma wannan tsohon shi ya tarbe shi a filin jirgi ranar da ya sauka New York da jaka ɗaya, shi ya ba shi tabarma a ɗakinsa wata bakwai, shi ya nuna masa inda zai kafa tebur. Shi ne kuma ya raɗa wa Zaid suna. Yana Maraɗi jinyar ƙafa lokacin da aka yi rasuwar, bai dawo ba sai shekaranjiya, ba su haɗu ba.

Tsohon ya kama hannun Yacouba da hannu biyu, ya riƙe shi riƙon da ba na saki ba ne.

"Ina haƙuri, Yacouba? Ina muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri da godiya, Baba Alhaji."

"Wallahi da labari ya iske ni, kwana ukku ban ci abincin kirki ba. Yaron da na riƙa da hannuna yana kwana bakwai. Ina uwa tai? Ta samu dangana?"

"Alhamdu lillahi."

Sarƙa ta yi ƙara, ƙofa ta buɗe. Mutum shidan da ke gabansu suka shige, na baya suka fara ratsa su ta dama da hagu. Alhaji Ishiyaku bai ko lura ba, idanunsa sun ciko.

"Bon, bari mu yi mishi addu'a," ya ce. "Ban samu sallatai ba, kada wannan ma ta wuce ni."

Ya saki da hannu ɗaya ya ɗaga tafinsa sama, ɗayan na riƙe da Yacouba, ya fara salati a nitse. Yacouba ya saci kallon Muhsina. Ba ta ja rigarsa ba, ba ta ce masa uffan ba. Leɓenta ne kawai ke motsi, tana ƙirga masu wucewa. Sha biyu, sha uku. Wasu samari suka shige da gudu suka nufi ƙurya. Sai ya ga ta sunkuyar da kai ta fara naɗe takardar, gida biyu, gida huɗu, a hankali, tana daidaita bakin.

Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa zare hannunsa daga na babba ba. A garinsu ko mahaukaci ba ya katse addu'a, balle wadda ake yi wa ɗansa. Ga wasu mata biyu 'yan unguwar University Heights a gefe sun ɗaga hannuwa suna amsa amin, kafin magariba labari ya gama Bronx. Duk ya san wannan.

"Baba Alhaji," ya ce, "ka gafarce ni."

Ya zare hannunsa. Ya ga bakin tsohon ya tsaya a buɗe a tsakiyar kalma. Bai jira ganin sauran ba, ya cafki hannun Muhsina suka ruga.

Rabonsa da gudu tun zamanin da ake korar masu tebur a Harlem. Suka wuce dawakan katako masu juyawa inda iyaye suka riga suka yi cincirindo, suka wuce masu sayar da gugguru, suka wuce wani mai hoto da ya tare hanya yana murmushi. "Don't look, Baba, kada ka kalla!" in ji Muhsina, tana haki. Samarin nan da suka riga su sun tsaya saka jakunkunansu a akwatin ajiya, suna ta fama da makulli. Zaid ya san da wannan ma. Suka bar su nan.

Shingen layin babu kowa a cikinsa, amma dole mutum ya bi duk lanƙwasar nan takwas, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Takalmansu kaɗai ke ƙara a kan siminti. Da suka iso kwana ta uku Yacouba ya rage gudu. Ba komai a wurin sai tabon cingam da inuwar ƙarfe. Duk da haka bai iya taka wurin ba. Ya raɓa ta gefe ya manne da shinge, yadda ake raɓa wanda ke zaune. Da ya waiga sai ya ga Muhsina ma ta gefen ta bi.

Su ne na farko. Wata ma'aikaciya mai kitso ta buɗe musu 'yar ƙofa tana dariya, ta nuna musu kujerar gaba. Suka zauna, aka sauke ƙarfe a cinyoyinsu, samarin suka cika kujerun baya. Ko minti ɗaya ba su tsaya layi ba.

Jirgin ya motsa, ya kama hawa, sarƙa na ƙas-ƙas a ƙarƙashinsu. Muhsina ta riƙe ƙarfen da hannu ɗaya, ɗayan ta sa cikin nasa. Rabon da ta riƙe hannunsa don kanta tun kafin Janairu.

"It worked," ta ce a hankali. "Baba, dabararsa ta yi."

"Ta yi," ya ce. Da bara ya yi abin da ya yi yau, da yaron ya hau.

Suna ƙara sama, wurin na buɗewa a ƙasansu: teku, rairayi, dogon jirgin D, rufin rumfuna. Yacouba bai so ya dubi ƙofa ba, amma idonsa ya kai. Jama'a na ta kwarara ciki, kowa na sauri. Mutum ɗaya ne tsaye cak a tsakiyarsu, cikin fararen kaya da jar dara, ana ratsa shi ta ko'ina. Jikokin na jan gefen rigarsa, bai kula su ba. Hannuwansa biyu a ɗage suke.

Yacouba ya zaci tsohon ya yi fushi ya juya. Kunya ta rufe shi, hawaye suka zubo masa, na farko tun ranar da aka dawo daga maƙabarta.

Muhsina ta bi inda yake kallo. "Me yake yi?"

"Addu'a yake wa yayanki."

"Still? Har yanzu?"

"Tasa doguwa ce."

Ta zuba wa farin ɗigon nan da ke ƙasa ido. Ƙarar sarƙa ta tsaya. Jirgin ya kai ƙololuwa ya ɗan dakata, babu komai a gabansu sai sarari. Can ƙasa tsohon ya kai tafukansa fuska ya shafa.

"Amin," in ji Yacouba.

"Amin," in ji Muhsina, ta ƙara damƙe hannunsa.

Sannan kan jirgin ya sunkuya.