Taken Cindo

Ni Labo, makaɗin noma ne, ɗan makaɗin noma, daga wani ƙauye kusa da Dogarawa. Gangar da nake ratayawa ta kakana ce. A wurinmu kowane manomin kirki yana da takensa, kiɗan da in anka buga ranar gayya ya san da shi ake, sai ya duƙa da hauya kamar ya zauce. Take arba'in da ɗaya ne cikin kaina. Kuma gidanmu akwai doka: in mutum ya mutu bai bar ɗa namiji da zai ɗauki hauyarsa ba, takensa ya bi shi kabari, ba a sake bugawa.

Shekara uku bayan babbar yunwa, gayya ta mutu murus, don babu mai hatsin ciyar da mutum talatin. Ɗana guda, Illo, ya aje gula, ƴar sandar da muke kaɗa ganga da ita, ya bi motocin siminti na Malbaza. Ina zaune ina cin haushi sai ga Mushe Alkasum (haka muke kiran malamin boko, Mushe), malamin lakwal, wato makarantar ƙauyenmu. Ya ce ƙungiyar samariya ta matasa za ta yi gasar kiɗa da rawa a Ƙonni, in zo in koya wa yara kiɗa da rawa, a riƙa ba ni tiya biyu ta hatsi duk mako. Ƴaƴan manoma da kiɗa! Da ubana na raye da ya tofa mani yawu. Amma tukunyata ba komai, sai na tahi.

Da tsumagiya na koyar, don haka anka koya mani. Ganga ɗaya ce, saboda haka bisa tabur, teburin karatunsu, suke bugawa da tahin hannu. Wanda ya ɓata kiɗa, hannunsa ya sha. Kiɗan rawa kawai na ba su. Take kuwa ko ɗaya ban yarda sun ji ba.

Cikinsu akwai Shatu, ƴar shekara goma, siririya, ɗiyar Cindo. Cindo manomi ne na gaske, ni na kaɗa masa shekara goma sha biyar. Shekarar yunwa ya tahi Sakkwato neman abinci, labarin rasuwarsa kaɗai ya dawo. Bai bar namiji ba.

Wata rana an tashi, ina ɗaure ganga, sai na ji ana buga tabur a bayana. Wallahi sai da gashin jikina ya tashi. Taken Cindo ne, tiryan-tiryan, sai can ƙarshe ya karkace: inda ake saukar da gula a tsaya, anka ƙara bugu guda, ya zama uku.

Na juya, ga Shatu.

"Baba, ƙarshen ne ya ɓace mani," in ji ta. "Ina bakin gona nake jinsa kana kaɗa wa babana. Na san ba haka yake ƙarewa ba. Ka gyara mani."

"Ke! Wa ya aike ki? Taken matacce kike bugawa, kuma ke mace? Kawo hannu!"

Ta miƙo. Na zuba mata huɗu masu kyau. Ba ta yi kuka ba, ta dai matse hannun cikin hamata ta hita.

Mako na gaba ta sake zuwa. Na kore ta. Na gabansa ma ta zo, ta tsaya bakin ƙofa kamar mai jiran sallama. Yarinyar nan ta ishe ni, na rantse. Don in rabu da ita na ce, "To, na ji, sai bayan mun dawo daga Ƙonni." Ƙarya nake, ba ni da niyya ko ƙanƙane. Ta ruga tana murna.

Ba mu je Ƙonni ba. Bazara ta shigo da sanƙarau, anka ruhe lakwal. Cikin kwana ashirin yara huɗu na ajin nan sunka rasu. Shatu ce ta uku. An ɗora ta bisa amalanke za a kai ta gidan likita, ba su kai kwalta ba.

Na je gaisuwa. Uwarta Mariyama na zaune bisa tabarma, idanu sun bushe. Na yi addu'a zan tashi, sai ta ce, "Baba Labo, na gode."

"Da me, Mariyama?"

"Da alkawarin da ka yi mata. Kullum maganarta ke nan, wai bayan Ƙonni za ka gyara mata na babanta. Ko a amalanke, wuya ya sanƙare, yatsunta na buga katako. Allah ya saka da alheri."

Da zagina ta yi da ya hi mani sauƙi. Na ce amin, bakina kamar na tauna toka. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake, na hita ban iya kallon kowa ba.

Da anka buɗe lakwal, Mushe Alkasum ya aiko in koma, wai ko yaran za su ɗan warware. Na tahi da gangata da tsumagiyata. Benci huɗu da giɓi. Na ce a fara kiɗan rawa, babu wanda ya motsa. Sai Hauwa, ƙawar Shatu, ta ɗora hannu bisa tabur ta fara. Na kusa da ita ya kama, sannan ajin duka. Taken Cindo. Ashe duk lokacin hutu Shatu na tara su bayan aji tana koya masu abin da ta tuna. Sunka kai ƙarshe, sunka buga uku, irin nata.

Sunka tsaya. Hannuna ya riga ya ɗaga tsumagiya, sabo ne. Na ga yara talatin da ɗoriya sun miƙo hannuwa bisa tabur suna jira, ba wanda ya janye nasa.

Na jefar da ita ta taga. Na rataya ganga, na ɗauki gula, na ce, "Ku sake." Munka buga tare. Da munka kai ƙarshe na saukar da gula sau uku.

Daga ranar ban sake dukan yaro ba. Take arba'in ɗin da sunka rage na koya wa duk mai so, mace da namiji, na mai rai da na matacce. Ƴan'uwana makaɗa sun yi hushi, wasu har yau ba su gaishe ni. Su sha zamansu. Taken Cindo kuwa yanzu har Badagishiri ana bugawa, da bugu uku a ƙarshe, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba, don mai tambayar ba ta nan.

Biyu ne, Shatu. Sau biyu gula ke sauka, sannan a tsaya. Iyakar abin da kika roƙe ni ke nan har sau uku, kuma ko minti guda ba zai ɗauke ni ba.